Abin da Ke Hana Ruwa Daskarewa Ko da Sanyi Ya Wuce Sifili

Duk wanda ya taɓa sanya gorar ruwa mai tsabta a cikin firiza, ya bar ta sa'o'i biyu ko uku ba tare da an taɓa ta ba, mai yiwuwa ya ci karo da abin da kan sa mutum ya tsaya ya sake dubawa. Za a ciro gorar a tarar da ruwan garau, yana kai da komo kamar kowane ruwa, alhali da za a auna shi da an ga ya sauka digiri 6 ko 8 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an buga gindin gorar a kan tebur, sai wani farin hazo ya taso daga wuri ɗaya, galibi daga wajen wuya, ya gangara ƙasa kamar ana sauke labule, kafin mutum ya ƙirga biyar duk gorar ta cika da ƙanƙara mai taushi. Sanyi bai ƙaru ba a cikin waɗannan 'yan daƙiƙu, hasali ma gorar tana hannun mutum ne, ɗumi take samu. Tambayar da ta kamata a yi ke nan ita ce, me ya riƙe ruwan tun farko, kuma me bugun ya sauya?

An koya mana cewa ruwa yana daskarewa a digiri sifili, kuma maganar ba ƙarya ba ce, sai dai an taƙaita ta fiye da kima. Abin da ya tabbata shi ne ƙanƙara tana narkewa a sifili, ba ta jira, ba ta jinkiri. Ruwa kuwa idan ya sauko sifili, dama ce kawai ya samu ta daskarewa, ba dole aka yi masa ba. Hanyar zuwa da hanyar dawowa ba iri ɗaya ba ne, kuma a ganina duk wanda ya fahimci wannan bambanci ya riƙe bakin zaren maganar. Dalilan da kan sa a ga ruwa yana gudana cikin tsananin sanyi sun kasu gida-gida, amma mutane sukan cuɗa su wuri ɗaya, shi ya sa bayanin kan rikice.

Mafi sauƙi a cikinsu shi ne lokaci. Iska ta sauka ƙasa da sifili ba ya nufin ruwan ma ya sauka. Ruwa yana riƙe zafi fiye da yawancin abubuwan da muka sani, sannan ko ya kai sifili, sai ya fitar da wani zafi mai yawa kafin ya zama ƙanƙara. Zafin da giram ɗaya na ruwa ke fitarwa lokacin daskarewa ya isa ya ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Babban tafki yakan ɗauki makonni yana fitar da wannan zafi. Ga shi kuma ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka wanda ya kai wannan mataki sai ya nutse ƙasa, mai sanyin da ya fi shi ya tsaya a sama ya daskare, ƙanƙarar ta zama murfin da ke kare na ƙasa. Kogi mai gudu yana cuɗa ruwansa ne, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, har ya zama sai dukkansa ya yi sanyi kafin ƙanƙara ta samu wurin zama. Babu wani abin al'ajabi a nan, domin ruwan bai kai ga iyakar daskarewa ba tukuna.

Gida na biyu shi ne inda iyakar ce da kanta take matsawa ƙasa. Gishiri ne misalin da kowa ya sani. Ƙanƙara gini ce mai tsari wadda ba ta karɓar baƙo, ƙwayoyin ruwa zalla take ɗauka ta bar gishirin a waje. Idan gishiri ya narke a cikin ruwa, ƙwayoyinsa sukan shiga tsakanin na ruwan, su sa zaman ruwa-ruwa ya fi wa ƙwayoyin ruwan sauƙi, sai ya zama ana buƙatar ƙarin sanyi kafin ƙanƙara ta rinjaya. Wani masani ɗan Ingila, Charles Blagden, ya nuna a shekarar 1788 cewa saukar iyakar tana tafiya ne daidai da yawan abin da aka narkar. Ruwan teku, mai ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, ba ya daskarewa sai a wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili. Idan aka ci gaba da ƙara gishirin har ya kai kusan kashi 23 cikin 100 na nauyin haɗin, iyakar takan sauka zuwa digiri 21 ƙasa da sifili, daga nan kuma ƙari ba ya amfani. Wannan ne ya sa ƙasashe masu sanyi suke barbaɗa gishiri a kan tituna, kuma shi ne ya sa dabarar take daina aiki idan sanyin ya yi tsanani. A yankin Antaktika akwai wani ɗan kududdufi da ake kira Don Juan, wanda gishirinsa na sinadarin kalsiyam ne kuma ya haura kashi 40 cikin 100, da wuya ya daskare ko da sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili. Ruwan da ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi ma wannan ƙa'ida yake bi.

Matsi shi ma yana sauke iyakar, kuma dalilinsa wata baƙuwar ɗabi'a ce ta ruwa. Yawancin abubuwa sukan tsuke idan sun daskare, ruwa kuwa kumbura yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100, shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa, kuma shi ya sa take fasa bututu. Tunda ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri, idan aka danne ta sai ta karkata ga komawa ruwa. James Thomson ya yi hasashen haka a 1849, ɗan'uwansa William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya tabbatar da shi ta gwaji a 1850. Sai dai tasirin ƙarami ne ƙwarai: sai an ninka matsin iskar da ke kanmu sau kusan 135 kafin iyakar ta sauka da digiri ɗaya tak. A ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika mai kaurin kusan kilomita 4 akwai tafkin Vostok, wanda masu haƙa 'yan Rasha suka kai gare shi a 2012. Ruwansa yana wajen digiri 3 ƙasa da sifili amma bai daskare ba, saboda nauyin da ke danne shi daga sama da ɗumin da ke fitowa daga cikin ƙasa. Akan ji ana cewa matsin ƙafar mai wasan zamiya ne yake narkar da ƙanƙara har ya sulale a kanta, amma lissafi bai goyi bayan wannan ba, domin ana wasan a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, inda nauyin mutum ba zai narkar da komai ba. Michael Faraday ya fi kusa da gaskiya tun a 1850, da ya ce fuskar ƙanƙara tana ɗauke da wani siririn shimfiɗi mai kama da ruwa ko da tana ƙasa da sifili. Irin wannan ne yake faruwa a cikin ƙananan ramuka na yumɓu da duwatsu, inda ruwan da ya manne da bango ba ya samun sararin da zai jeru, sai a tarar ƙasa ta daskare amma da sauran ruwa a cikinta.

Duk waɗannan ba su bayyana gorar firiza ba. Ruwanta ba shi da gishiri, ba a danne shi ba, ya kuma daɗe da wuce sifili. Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya ƙin daskarewa banza, kuma dalilin wannan gida na uku ya fi na sauran zurfi.

Daniel Fahrenheit, wanda ma'aunin zafi yake ɗauke da sunansa, ya rubuta bayanin wannan al'amari a 1724. Ya rufe ruwa a cikin 'yan ƙananan kwalabe na gilashi bayan ya fitar da iskar ciki, ya bar su cikin sanyin da ya kai kusan digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin yau, ruwan ya ƙi daskarewa. Da ya buɗe, nan take ƙanƙara ta bazu a ciki. Abin da ya gani shi ne jinkirin daskarewa, kuma don a gane shi sai an dubi yadda ake fara gina ƙanƙara.

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu. A cikin ruwa waɗannan ƙwayoyi suna riƙe juna suna saki, suna sake kama wasu, sau biliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. A cikin ƙanƙara kuwa kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabta huɗu a tsaye kyam, sun jeru cikin zobba masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kafin ruwa ya daskare, dole wasu ƙwayoyi su faɗa cikin wannan jeri bisa katari, su zama ɗan dunƙule wanda sauran za su ɗora a kansa. Matsalar ita ce ɗan ƙaramin dunƙule kusan dukkansa fuska ne. Ƙwayoyin da ke tsakiyarsa sun samu natsuwa, amma waɗanda ke bakin iyaka, tsakanin tsarin ƙanƙara da hargitsin ruwa, riƙonsu bai cika ba, kuma motsin ruwan da ke kewaye yana fizgar su. Muddin dunƙulen ƙarami ne, asarar da ake yi a fuska ta fi ribar da ake samu a ciki, sai ya wargaje kafin ya girma. Sai ya kai wani girma ne ribar take rinjayar asarar, daga nan kuma ba abin da ke tsayar da shi.

Wannan girma da ake buƙata ya danganta da tsananin sanyi. Dab da sifili yana da yawan da katari ba zai taɓa haɗa shi ba. A digiri 5 ƙasa da sifili ana maganar dubun dubatar ƙwayoyi ne da za su jeru lokaci guda, a digiri 20 ƙasa da sifili adadin ya ragu zuwa 'yan ɗaruruwa, a wajen digiri 40 ƙasa da sifili kuwa ya sauko kusan ɗari ko ƙasa da haka, wanda katari yake iya haɗawa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ɗigon ruwa mai tsabta yana iya zama ruwa har zuwa tsakanin digiri 38 da 40 ƙasa da sifili kafin ya daskare da kansa. Wannan ita ce iyakar da ruwa yake daskarewa ba da taimakon kowa ba, kuma tazarar da ke tsakaninta da sifili ba ƙarama ba ce.

Idan haka ne, abin tambaya ya juye: me ya sa ruwan da muke gani kullum yake daskarewa kusa da sifili? Amsar ita ce kusan kullum yana samun mataimaki. Ƙura, ko ƙarzar da ke jikin mazubi, ko wani ɗan tsagi a bango, sukan ba ƙwayoyin ruwa shimfiɗar da za su jeru a kai, ta yadda ba sai sun gina dukkan dunƙulen da kansu ba. Mafi ƙarfin mataimaki kuwa ita ce ƙanƙarar kanta, domin ko ɓarɓashi ɗaya ya faɗa cikin ruwan da ya wuce sifili, an gama. Babban mazubi yana buƙatar mafari ɗaya ne kawai, kuma da wuya a rasa shi a cikin bokiti ko tafki. Gorar roba mai santsin ciki da ruwan da aka tace sosai kan rasa shi na ɗan lokaci. Bugun da aka yi mata ba sanyi ya ƙara ba, mafari ya samar, ko dai ta hanyar watsa ruwan ya taɓa ɗan ɓarɓashin ƙanƙarar da ya taru a murfi, ko ta hanyar 'yan kumfa da girgizar ta haifar.

Akwai wani abu a cikin gorar da ya cancanci a lura da shi. Ƙanƙarar da ta fito ba ta da tauri, ruwa-ruwa ce, ana iya matsa ta da hannu. Dalili shi ne zafin nan da daskarewa ke fitarwa. Ruwan da ya sauka digiri 8 ƙasa da sifili, da zarar kashi ɗaya cikin goma nasa ya daskare, zafin da ya fito ya isa ya maido da dukkan gorar zuwa sifili, sai daskarewar ta tsaya cak. Da za a sa ma'aunin zafi a ciki, da an ga yana hawa a daidai lokacin da ƙanƙarar take bazuwa.

Kada a ɗauka wannan wasan firiza ne kawai, domin sararin sama cike yake da irin wannan ruwa. Gajimare tarin ɗige-ɗige ne waɗanda faɗin kowanne bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba, kuma tunda a rarrabe suke, kowane ɗigo sai ya samu nasa mafarin. Ƙurar da ta dace da wannan aiki ba ta da yawa a sama, don haka gajimare mai sanyin digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili yakan kasance mafi yawansa ruwa ne. A nan ne wani muhimmin al'amari yake faruwa, wanda Alfred Wegener ya fara hangowa a 1911, Tor Bergeron da Walter Findeisen suka faɗaɗa shi a shekarun 1930. Tururi ya fi saurin barin ɗigon ruwa fiye da yadda yake barin ƙanƙara mai sanyi iri ɗaya. Idan 'yan ƙwayoyin ƙanƙara kaɗan suka bayyana a tsakiyar miliyoyin ɗigon ruwa, sai tururin ya riƙa ƙaura daga ɗigon zuwa ƙanƙarar, ɗigon yana ƙanƙancewa, ƙanƙarar tana girma, har ta yi nauyin da za ta faɗo. Idan ta ratsa iska mai ɗumi a hanya sai ta narke ta iso ƙasa a matsayin ruwan sama. Kaso mai yawa na ruwan da ke sauka a doron ƙasa ta wannan hanya ya faro. Da dukkan ɗigon yana daskarewa a sifili lokaci guda, da wannan hanyar ba ta samu ba.

Fahimtar haka ce ta sa aka fara tunanin ba gajimare mafari da gangan. A 1946, a Amurka, Vincent Schaefer ya gano cewa busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon tana sanyaya ɗigon har ya wuce iyakar digiri 40 ƙasa da sifili, abokin aikinsa Bernard Vonnegut kuma ya gano cewa wani haɗin azurfa da aidin yana da jerin da ya yi kama da na ƙanƙara, don haka ruwa yana ɗorawa a kansa. A cikin ƙurar hamada ma akwai ma'adinin felspa wanda bincike ya nuna ya fi sauran ƙwarewa a wannan aiki. Amma wanda ya fi ba ni mamaki mai rai ne. Wata bakteriya da ke zaune a kan ganyen tsirrai, Pseudomonas syringae, tana da furotin a jikinta da ke jera ƙwayoyin ruwa, har ta sa su daskare a digiri 2 ƙasa da sifili. Ganyen da ba ya ɗauke da ita yana iya jure sanyin 'yan digiri ba tare da ruwan cikinsa ya daskare ba, wanda ke ɗauke da ita kuwa ƙanƙara takan yayyaga shi, bakteriyar ta samu abincinta daga raunin. Ashe ɓarnar da akan ɗora wa sanyi shi kaɗai a gona, wani lokaci da hannun wannan halitta a ciki. Masu injinan yin dusar ƙanƙara a wuraren wasan zamiya suna zuba matacciyar bakteriyar a cikin ruwansu saboda wannan baiwa tata.

Haɗarin ruwa mai jinkirin daskarewa shi ne yana jiran abin da zai taɓa ne kawai. Jirgin sama da ya ratsa irin wannan gajimare ya zama mafari ga duk ɗigon da ya buga, ƙanƙara ta taru a bakin fiffikensa ta sauya siffar da ke ɗauke da shi a iska. A ranar 31 ga Oktoba, 1994, wani jirgi ƙirar ATR 72 da ke jiran izinin sauka a Chicago ya faɗi a jihar Indiyana, mutum 68 suka rasu, kuma masu bincike sun gano cewa manyan ɗige-ɗige ne suka gangara bayan na'urar fasa ƙanƙara da ke bakin fiffike suka daskare a inda ba ta kaiwa. A ƙasa ma, idan ruwan sama ya ratsa siririyar iska mai sanyi dab da doron ƙasa, yakan iso yana ruwa amma ya wuce sifili, ya daskare a kan duk abin da ya sauka. A watan Janairun 1998 irin wannan ruwa ya shafe kwanaki yana sauka a gabashin Kanada, ƙanƙarar ta kai kaurin milimita 100 a wasu wurare, manyan turakun wutar lantarki na ƙarfe suka durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa wuta a tsakiyar hunturu.

Masu rai da ke zaune cikin sanyi sun daɗe suna aiki da waɗannan ƙa'idoji. Jinin kifi bai kai ruwan teku gishiri ba, ya kamata ya daskare kafin tekun, amma kifayen Antaktika suna iyo a ruwan digiri 1.9 ƙasa da sifili. Arthur DeVries ya gano sirrin a ƙarshen shekarun 1960: jininsu yana ɗauke da wani furotin da ke manne wa duk ɓarɓashin ƙanƙarar da ya shigo, ya rufe fuskarsa ya hana shi girma. Kuregen yankin Alaska yakan yi barcin hunturu zafin jikinsa ya sauka har digiri 2.9 ƙasa da sifili ba tare da jininsa ya daskare ba. Likitoci ma sun shiga sahu, domin a 2019 masu bincike a Amurka sun ajiye hantar ɗan Adam a digiri 4 ƙasa da sifili ba tare da ƙanƙara ta fito ba, suka tsawaita lokacin da take iya kaiwa a wajen jiki zuwa sa'o'i 27, abin da ke da muhimmanci ga masu jiran dashe.

Itatuwa ma suna da nasu. Da yawa daga cikin masu faɗin ganye na gabashin Amurka ta Arewa suna riƙe ruwan wasu sassan katakonsu a cikin ƙananan ɗakuna rufaffu waɗanda ba mafari a cikinsu, kowane ɗaki tamkar ɗigon gajimare, sai ruwan ya zauna bai daskare ba duk tsawon hunturu. Dabarar tana aiki har zuwa wajen digiri 40 ƙasa da sifili, inda ruwa ke daskarewa da kansa, kuma masana tsirrai sun lura cewa iyakar yaɗuwar irin waɗannan itatuwa ta arewa tana bin layin da sanyin hunturu yake kaiwa wannan mataki. Itatuwan da suka ƙetare layin zuwa arewa wata hanya suke bi: sukan bar ruwan ya fita daga cikin ɗakunan ya daskare a waje, su jure bushewa har lokacin da ɗumi zai dawo.